Darasi Na Tara: Cizon Kaska Da Zazzaɓin Da Ba Na Sauro Ba

Ga mai jagorantar zama

Wannan darasi yana cin kamar awa ɗaya da rabi. A fara shi bayan an gama zubi, an ƙirga kuɗi, an rufe akwati. Idan lokaci ya ƙure a raba shi zama biyu, a tsaya a ƙarshen kashi na huɗu.

Ki zo da hantsaki, da ɗan zare, da sabulu, da leda mai tsabta, da ƙwayar wake ɗaya, da ƙwayar riɗi ɗaya, da tsakuwa kamar talatin. Sakatariya ta riƙe littafinta a kusa. Ki karanta a hankali, ki riƙa tsayawa domin mata su yi magana, don yawancinsu sun fi ki sanin dabbobi.

Abin da muke so kowace mace ta tafi gida da shi shi ne: ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. Kaska ma tana kawo nata. A yi gwaji kafin a sayi magani, kuma a gaya wa ma'aikacin lafiya idan kaska ta ciji mutum.

Tambayar buɗe zama: Wace ce a cikinmu ta taɓa cire wa akuya ko tunkiya ko saniya kaska da hannunta? Da me ta cire, kuma ina ta jefa ta?

Kashi na ɗaya: Matan da suka lura

'Yan'uwa, za mu fara da labarin wata ƙasa mai nisa, amma ku saurara, za ku ga inda ya shafe mu.

A ƙasar Amurka, a jihar Konetikat, akwai wani ƙaramin gari mai suna Layim, wanda daji ya kewaye. Shekara da shekaru mutanen yankin suna fama da wani ciwo. Yaro zai yi zazzaɓi, wani jan tabo ya fito masa a fata, can bayan wata da watanni gwiwarsa ta kumbura har tafiya ta gagara. In an je asibiti sai a ce sanyin ƙashi ne irin na yara. To amma wannan sanyin ƙashin ba kasafai ake samunsa ba, kuma ba ya kama yara da yawa a unguwa ɗaya.

Wata uwa mai suna Polly Murray ba ta gamsu ba. Ta daɗe tana rubuta abin da ke samunta da 'ya'yanta: ranar da ciwo ya tashi, da yadda ya yi, da ranar da ya lafa. Ta kuma bi maƙwabta tana tambaya, ta rubuta nasu. A shekarar 1975 ita da wata uwa mai suna Judith Mensch, kowacce ta kai kuka ma'aikatar lafiya ta jihar. Daga nan likitoci daga jami'ar Yel suka shiga bincike, wani likita mai suna Allen Steere yana jagoranta. Suka samu mutum 51 masu wannan ciwo a garuruwa uku, 39 daga ciki yara ne. Suka lura yawancinsu suna zaune ne a bakin daji, kuma ciwon ya fi tashi a lokacin da kaska take yawa. A shekarar 1982 aka bayyana cewa wani masani mai suna Willy Burgdorfer ya gano ƙwayar cutar a cikin cikin kaska. Ƙwayar siririya ce, a murɗe take kamar igiya, ido ba ya ganinta. Ana kiran danginta Boreliya, ciwon kuma aka sa masa sunan garin, ciwon Layim.

Kun ga, ba likita ne ya fara gano matsalar ba. Uwa ce mai lura da kuma rubutawa. A yau hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ƙiyasta cewa kusan mutum 476,000 ake yi wa maganin wannan ciwo duk shekara a ƙasar.

Kashi na biyu: Yadda ciwon Layim yake

Kaskar da ke ɗauke da shi tana son daji mai laima da sanyi. Tana arewa maso gabashin Amurka, da ƙasashen Turai, da wani sashe na Asiya. Saboda haka ciwon na can ne. Wanda zai fi damuwa da shi a cikinmu shi ne mai ɗa ko ƙani da ya tafi karatu ko aiki waɗannan ƙasashe. Muna koyonsa ne don an yi bincike mai yawa a kansa, kuma darasinsa ya yi daidai da 'yan'uwansa da ke nahiyarmu.

(A nan ki ɗaga ƙwayar riɗi da ƙwayar wake.) Kaskar da ta sha jini ta ƙoshi takan kai wannan waken. Amma ƙaramar da ta fi yaɗa ciwon Layim ba ta ma kai wannan riɗin ba. Shi ya sa da yawa daga masu ciwon ba sa tuna cewa wani abu ya cije su. Sai kaskar ta daɗe a maƙale, galibi fiye da kwana ɗaya, kafin ƙwayar ta shiga jini. Wanda ya cire ta da wuri ya rage haɗarin ƙwarai.

Alamar farko tana fitowa tsakanin kwana 3 zuwa 30 bayan cizo. Tabo ne da ke faɗaɗa kullum a inda aka ciji mutum, wani lokaci da zobe a kewaye. Kamar mutum bakwai ko takwas cikin goma suna samunsa. A fata irin tamu ba ya yin ja sosai, yakan yi duhu kamar wurin da aka buge, don haka yana da sauƙin wucewa ba a gani ba. Tare da shi akwai zazzaɓi, ciwon kai, gajiya da ciwon gaɓoɓi. Idan ba a yi magani ba, bayan makonni ko watanni yana iya karkatar da gefen fuska, ya rikita bugun zuciya, ko ya kumbura gwiwa.

Likitan da ya ga tabon a yankin da ciwon yake ba ya jiran gwaji, magani yake bayarwa. Dalili kuwa, gwajin jinin ba ya nuna komai a makonnin farko, sai jiki ya fara yaƙi da cutar. Maganin ƙwayoyi ne na kashe ƙwayar cuta, irin su doksisaikilin ko amoksisilin, na kwana 10 zuwa 14 idan an kama shi da wuri. Idan ya kai ga kumburin gwiwa akan sha na kwana 28. Yawancin waɗanda aka yi wa magani da wuri suna warkewa sarai.

Kashi na uku: To mu me ya haɗa mu da wannan?

Abu biyu ne, kuma duka kaska ce take kawo su.

Na farko shi ne zazzaɓi mai komowa. Ƙwayar da ke kawo shi ita ma Boreliya ce, 'yar'uwar ta ciwon Layim, kuma tana nan a Afirka ta Yamma da ta Gabas. Kaskar da ke ɗauke da ita daban take da ta jikin shanu. Jikinta da laushi, ba ta maƙalewa ta kwana. A Afirka ta Yamma tana zama a ramin ɓera da na jaɓa, har waɗanda suke buɗewa cikin ɗakin kwana. A gabashin Afirka kuma akwai mai ɓuya a tsagar bango da ta daɓe. Da dare take fitowa, ta sha jini cikin ɗan lokaci ba tare da zafi ba, ta koma. Gari ya waye mutum bai san an cije shi ba.

Kamar mako ɗaya bayan haka sai zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, da rawar ɗari, da ciwon kai, da ciwon jiki, wani lokaci da amai. Ya yi kamar kwana uku ya sauka. Mutum ya miƙe, ya koma aikinsa kamar mako ɗaya, sai zazzaɓin ya dawo. Haka zai yi ta yi, ya tafi ya komo. Ku duba yadda yake ruɗar mutane: an sha maganin zazzaɓin sauro, zazzaɓi ya sauka don dama lokacin saukarsa ya yi, sai a ce magani ya yi aiki. Da ya dawo sai a ce sauro ne ya sake cizo, a sake sayen wani.

A wani ƙauye mai suna Diyelmo a ƙasar Senegal, masu bincike sun bi lafiyar mutanen ƙauyen daga 1990 zuwa 2003. Suka samu cewa a kowace shekara kusan mutum 11 cikin 100 suna kamuwa da wannan zazzaɓi. An kuma samu kaskar a Mali da Muritaniya. Ƙauyuka ne na Sahel masu ɗakunan ƙasa da rumbuna da ɓeraye, irin namu. Ga mai juna biyu haɗarin ya fi girma, domin yana jawo ɓari da haihuwar bakwaini, yana kuma iya taɓa ran uwar.

Na biyu shi ne zazzaɓin Kirimiya-Kongo, mai sa zubar jini. Wannan kaskar dabbobi ce take kawo shi, musamman mai ratsi-ratsi a ƙafafu da muke gani a jikin shanu da tumaki da raƙuma. An samu ƙwayarsa a jikin kaska da dabbobi a Najeriya. Ba kullum ake ganinsa ba, amma in ya zo ba ya wasa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 100 da ya kama, 10 zuwa 40 suna rasuwa. Dabbar da ke ɗauke da shi ba ta nuna alamar ciwo, tana cin abincinta lafiya lau. Mutum yana ɗauka ta hanyar cizon kaska, ko murtsuke kaska da yatsu, ko taɓa jinin dabbar lokacin yanka da fiɗa da karɓar haihuwarta. Yana farawa farat ɗaya da zazzaɓi, ciwon jiki, jiri da ciwon ido, bayan 'yan kwanaki sai haɓo, jini a dasashi, ko tabo-tabo a fata. Mai jinya ma tana iya ɗauka daga jinin marar lafiya.

Yanzu ku tambayi kanku: a gidajenmu wa yake ɗaure awaki, wa yake tatsar nono, wa yake share turke, wa yake gyaran kayan ciki ranar layya? Mu ne da 'ya'yanmu.

Kashi na huɗu: Gwaji kafin magani

Zazzaɓin cizon sauro shi ne ya fi yawa a wurinmu, kuma yana kisa, musamman yara. Kada wadda ta bar nan ta ce an ce a daina kula da shi. Abin da ake cewa shi ne a tabbatar tukuna. Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin sauro. Gwajin nan na ɗigon jini daga yatsa ba ya wuce minti 15 zuwa 20.

Idan gwaji ya nuna akwai, a sha maganin duka yadda aka faɗa. Idan ya nuna babu, to fa kada a ce gwajin ƙarya yake yi a wuce kemis. Wannan gwajin zazzaɓin sauro kaɗai yake gani, ba ya ganin Boreliya. Ita ana ganinta ne idan an shafa jini a gilashi an duba da madubin likita, kuma an fi samunta idan an ɗebi jinin a lokacin da jiki yake da zafi. Don haka ranar da zazzaɓi ya tashi ita ce ranar zuwa asibiti. In kika bari ya sauka, ana iya dubawa a ce ba a ga komai ba.

Ma'aikacin lafiya ba ya duba, abin da kika gaya masa da shi zai yi aiki. Ki gaya masa waɗannan ko bai tambaya ba:

1. Ranar da zazzaɓin ya fara, sau nawa ya tafi ya dawo, da kwana nawa yake yi.
2. Ko kaska ta ciji marar lafiyar, ko ya cire wa dabba kaska, ko ya taɓa jinin dabba a makonni biyu da suka wuce.
3. Ko akwai ramukan ɓera a ɗakin da yake kwana.
4. Duk maganin da aka riga aka sha, na kemis da na gargajiya. Ki tafi da kwalin ko ledar.
5. Ko kina da ciki, ko kina zaton akwai, ko kina shayarwa.

Wadda ba ta iya rubutu ba ta ja layi da gawayi a bango duk ranar da aka yi zazzaɓi, ta bar fili a ranar da babu. Ko ta ƙulla zare. Abin da matar nan ta Layim ta yi ke nan, ita da biro, ke da gawayi.

Akwai alamomin da ba a kwana da su a gida: zazzaɓi ga mai ciki ko jariri, jini daga hanci ko baki ko a bayan gida, taune-taune ko suma, sanƙarewar wuya, idanu su yi ɗorawa, aman da ba ya tsayawa, ko mutum ya rikice bai san inda yake ba. Idan akwai zubar jini, mai jinya ta sa leda a hannu, ta wanke hannu da sabulu, kuma a gaya wa ma'aikatan asibiti tun daga ƙofa. Zazzaɓin Lassa ma yana zuwa da irin wannan alama, kuma dukansu gaggawa suke so.

Kashi na biyar: Yadda ake cire kaska

(Ki nuna da hantsaki da ƙwayar wake a bayan hannunki, sannan mata biyu ko uku su gwada.)

Ki kama kaskar da hantsaki daf da fata, wajen bakinta, ba a cikinta ba. Ki ja sama a hankali, kai tsaye, ba murɗawa, ba fizga. Idan babu hantsaki, ki zarga zare a bakinta daf da fata ki ja, ko ki rufe yatsunki da leda. Bayan ta fita ki wanke wurin da hannuwanki da sabulu. Kaskar kuma ki jefa ta a wuta ko cikin kwalba mai ɗan kananzir. Idan ɗan guntun bakinta ya rage a fata bai fita da sauƙi ba, ki bar shi, kada ki tona da allura ko reza.

Abin da aka saba yi wanda ya kamata a bari: ɗiga mata kananzir ko man ja tana jikin mutum, ɗana mata garwashi ko ashana, da fasa ta tsakanin farce biyu. Mai da wuta ba sa fitar da ita da sauri, ɓata lokaci ne kawai tana nan a maƙale, ga ƙuna. Fasa ta kuwa shi ne yake watsa jininta a hannunki, in akwai ɗan rauni ko kika shafa ido shi ke nan. Yara suna son wannan wasan na fasa kaska, a hana su.

Ki riƙe ranar da aka yi cizon a ka. Idan zazzaɓi ko wani tabo mai faɗaɗa ya biyo baya cikin wata ɗaya, a je asibiti a faɗi.

Kashi na shida: Shan magani yadda ya kamata

Zazzaɓi mai komowa yana jin magani. Amma ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa, domin wanda ake ba babba daban, na mai ciki daban. Mai ciki akan sauya mata doksisaikilin da wani. Kada wadda ta ji sunan magani a wannan zama ta je ta sayo da kanta.

Ga abin da ya kamata ku sani. Cikin 'yan awanni bayan shan kashin farko, wasu jikinsu yakan ƙara rikicewa: rawar ɗari mai ƙarfi, zazzaɓi ya hau, sannan gumi da jiri. Wannan yana faruwa ne saboda ƙwayoyin cutar suna mutuwa da yawa lokaci guda. Yakan wuce, amma yana iya yin tsanani, shi ya sa ya fi kyau a sha kashin farko a asibiti a ɗan zauna a gaban ma'aikata. Kada a ce maganin bai karɓe ta ba a jefar.

Idan doksisaikilin aka ba ki, ki sha da ruwa cike da kofi, kada ki kwanta nan take. Kada ki haɗa shi da nono ko madara ko ƙwayar ƙarin jini, ki bar kamar awa biyu tsakani, don suna rage masa ƙarfi. Mai son fura da nono ta lura da wannan. Kuma ki shanye duka ko kin ji sauƙi a kwana na uku. Rage magani don a ajiye wa wani yaro asara biyu ce: ke ba ki warke ba, shi ma ragowar ba za ta ishe shi ba.

Kashi na bakwai: Bayan an gama magani

A cikin masu ciwon Layim akwai waɗanda ko bayan sun gama magani sukan yi watanni suna jin gajiya, ciwon gaɓoɓi da mantuwa. An gwada ba su maganin kashe ƙwayar cuta na tsawon watanni, aka ga bai ƙara musu komai ba sai illa. Yawancinsu lokaci ne yake warkar da su, a hankali.

Wannan ma darasi ne gare mu. Duk wadda ta tashi daga zazzaɓi mai tsanani jikinta yana bukatar lokaci. Ba lalaci ba ne, ba kuma sai an ce sammu ko maita ba. Abin da yake cinye jarin mata a irin wannan hali shi ne yawo: yau allura a kemis, gobe ƙarin ruwa, jibi mai magani a mota da lasifika. Ƙwayoyin ciwon jiki da ake haɗawa a leda, idan aka daɗe ana sha, suna iya cin ciki su taɓa ƙoda. Abin da ya fi shi ne ta koma wurin wanda ya duba ta tun farko, ya auna ko jininta ya yi ƙasa ko akwai wani ciwon daban. Ta ci abinci mai gina jiki irin wanda ake da shi, wake, ƙwai, gyaɗa, zogale. Ta koma aiki kaɗan-kaɗan. Mu kuma 'yan ƙungiya, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne: wata ta ɗebo mata ruwa, wata ta kai mata niƙa, wata ta tsare mata tallarta ranar kasuwa.

Kashi na takwas: Tsare gida da turke

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. To kaska ma haka. A toshe ramukan ɓera, a yaɓe tsagar bango, a gyara daɓe. A rufe hatsi da ragowar abinci don kada su jawo ɓera ɗaki. Wanda yake da hali ya kwana a kan gado maimakon ƙasa, a janye gadon daga bango, a soke gidan sauro ƙarƙashin katifa ko tabarma.

A raba wurin kwanan mutane da na dabbobi da kaji, ko da ɗan zana ne. Sabuwar dabbar da aka sayo daga kasuwa a duba ta, a yi mata maganin kaska kafin ta shiga cikin sauran. Maganin wankan dabbobi guba ne: malamin dabbobi ne zai faɗi yadda ake haɗa shi da kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a yanka. Ba a shafa wa mutum shi, ba a zuba shi a kan yaro don ƙwarƙwata, ba a ajiye shi a robar lemo inda yara za su kai.

Yaran da suka dawo daga kiwo ko yankan ciyawa a duba su da yamma wajen wanka: bayan kunne, cikin gashi, hammata, cibiya, matsematsi da bayan gwiwa. Ranar yanka kuma mai rauni a hannu kada ta taɓa jini, sauran su wanke hannu da wuƙa da sabulu, a dafa nama ya nuna sosai.

Kashi na tara: Ina ruwan asusunmu?

Aiki da tsakuwa. Ki raba mata gida biyu, kowace tsakuwa ɗaya a matsayin hannun jari ɗaya na ƙungiyarku. Rukuni na farko su lissafa, da farashin garinku na yau, abin da mace za ta kashe idan zazzaɓi ya komo mata sau uku kuma kowane karo ta sayi maganin sauro da allura a kemis. Su haɗa da cinikin da ta rasa a kwanakin da take kwance. Rukuni na biyu su lissafa kuɗin mashin zuwa asibiti, da kati, da gwaji, da magani sau ɗaya. A tara tsakuwar kowane rukuni a tsakiyar tabarma, kowa ta gani da idonta.

Yawanci abin da yake hana mace zuwa asibiti ranar farko ba rashin sani ba ne, rashin kuɗin mashin ne a hannu a wannan ranar. Don irin wannan muke zuba asusun taimako. Amma akwatinmu makulli uku gare shi, a hannun mata uku, kuma ba a buɗe shi sai a gaban taro. Zazzaɓi kuwa ba ya jiran ranar taro. Saboda haka kowace ƙungiya ta zauna ta yanke shawara a kan waɗannan, sakatariya ta rubuta a dokokin ƙungiya:

1. Idan ciwo ya taso tsakanin taro da taro, yaya za a yi? Za a kira taron gaggawa, ko za a bar wani ɗan adadi daga asusun taimako a hannun ma'aji, ta fitar a gaban shaidu biyu ta kawo bayani a taro na gaba?
2. Nawa ne iyakar abin da za a bayar don mota da gwaji? Kyauta ne ko rance marar riba?
3. 'Yar ƙungiyar da ke kwance kuma akwai rance a kanta, mako nawa za a ɗaga mata ba tare da tara ba?
4. Wane mai mashin ne a gari za a yi magana da shi tun yanzu, wanda zai fita ko da dare?

Akwai kuma maganar izini. Kowace ta samu maigidanta a lokacin da ake zaune lafiya, su yi magana: idan ba ya gari kuma zazzaɓi ya kama ta ko yaro, ta tafi asibiti, ko wa za ta gaya wa a madadinsa? Maganar da aka gama tun ana lafiya ba ta cin lokaci ranar ciwo.

Ƙungiyoyin da mata da yawa suke kiwo suna iya haɗa kuɗi su kira malamin dabbobi ya yi wa awakinsu maganin kaska rana ɗaya. Ya fi araha a kan kowa ta kira nata, kuma kaskar gidan maƙwabciya ba za ta dawo gidanki ba. Akuya ita ce bankin da yawa daga cikinmu, kaska kuma tana shan jininta, ta rame, ta rage nono, fatarta ta lalace, kuɗinta ya faɗi a kasuwa.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa ake ruɗa zazzaɓi mai komowa da na cizon sauro?
2. Gwaji ya nuna babu zazzaɓin sauro amma jiki da zafi. Mene ne mataki na gaba?
3. Faɗi abu biyu da ba a yi wa kaskar da ta maƙale a jikin mutum.
4. Waɗanne alamomi ne ba a kwana da su a gida?

Aikin mako

Kowace mace ta duba ɗakin kwananta ta toshe ramin ɓera ko tsagar da ta gani, ta koya wa mutum ɗaya a gidanta yadda ake cire kaska. Sakatariya ta ware shafi ɗaya a bayan littafinta. Duk taro a tambaya: gidan wa aka yi zazzaɓi a wannan mako, an yi gwaji, me ya nuna, ya komo ko bai komo ba? Ba sai an rubuta suna ba, unguwa ta isa. Idan bayan wata biyu ko uku kuka ga zazzaɓi yana ta komowa a gidaje da yawa alhali gwaji yana cewa ba na sauro ba ne, shugaba da sakatariya su ɗauki littafin su kai wa mai kula da asibitin yankinku, su nemi a zo a duba.

A rufe zama da addu'a. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa albarka a cikin abin da muke tarawa.